Ragon Ntate a Tukunyar Sanyi

Maseru, 9 ga Fabrairu

Ntate abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyata Mme da duk mutanen gida. Yaya gwiwarka?

Ragonka Serame ya iso lafiya. Hanyar Mokhotlong ta galabaitar da shi, kwana biyu ya ƙi cin komai, amma jiya har ya tunkuyi mai gadinmu. Na san ba da son ranka ka ba ni shi ba. Amma haƙoransa sun ƙare, ba zai ƙara bin tumaki a dutse ba, kuma tun da ɓarayi suka kore 'ya'yansa maza bara, shi kaɗai ya rage. Jinin da ke tashi tsaye ranar da dusar ƙanƙara ta kashe tumakin maƙwabta ba zai ƙare ina kallo ba.

Ka yafe mini, ba maganar da 'ya ke yi wa mahaifinta ba ce, amma aikina ke nan. Mun ɗebi irinsa, wato maniyyinsa, mun gauraya da gwaiduwar ƙwai, mun ɗura a siraran tsinkayen roba masu rami, mun daskarar a tukunyar sanyi. Da na narkar da tsinke ɗaya na duba a madubin bincike, kusan duka ƙwayoyin irin a mace. Iskar da muke shaƙa ce ke cin fatarsu, kamar yadda tsatsa ke cin garma. A jikin rago akwai abin da ke kare su, a kwanon gwaji babu. Shi zan nemo.

Na ji kawuna Malome Tsoeu yana cewa an kai ni makaranta shekara shida don in koyi abin da rago ke yi ba tare da ya shiga aji ba. Ka gaishe shi.

'Yarka,
Puseletso

Maseru, 21 ga Maris

Ntate,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Mme? Allah Ya ƙara sauƙi.

Serame ya mutu ranar Talata da safe, da ciyawa a bakinsa. Na yi kuka, sannan na wanke fuska na koma ciki. Tsinke sittin ya bar mini.

Na zuba wa irin bitamin mai hana wannan tsatsar, na zuba da yawa, kuma suka rayu. Suna iyo gwanin sha'awa! Sai muka haɗa su da ƙwayayen mahaifar tumaki da muke karɓowa daga mahauta. Ko ɗaya bai ɗauka ba. Shugabata, Mme Malitaba, ta leƙa madubin ta ce, “Ke Puseletso, kin lulluɓe su da bargo har sun ƙi tashi aiki.” Ashe sai tsatsar ta ɗan lashe su kafin su iya huda ƙwan. Ta yi yawa su mutu, babu ita su zama malalata.

Mme Malitaba ta ce kowane gwaji tsinke yake ci, in haƙura in kawo maka irin ragunan da ake sayowa daga waje. Na ce mata 'ya'yan waɗannan ba su san sanyinmu ba. Zan rage maganin kaɗan-kaɗan har in dace. Kada ka sa rago cikin tumakin tukuna, ka ba ni wata ɗaya.

'Yarka,
Puseletso

Maseru, 18 ga Afrilu

Ntate,

Ina gaisuwa, a gurguje nake rubutu.

An dace! A gwaji na bakwai, da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na fara zubawa, na ga ƙwan ya rabu biyu, washegari huɗu. Mme Malitaba ta duba har sau uku, ta ce in daina tsalle kada in ture tukunya.

Tsinke goma sha biyu suka rage, ba zan ƙara taɓa su a nan ba. Ka ware tumaki goma sha biyu, waɗanda suka taɓa haihuwa. Direban da ya kawo wasiƙar nan yana ɗauke da maganin da zai sa su nemi rago lokaci guda. Ina tafe ranar uku ga Mayu. A kawo mini dokin nan mai sanyin hali inda mota ke tsayawa. Tukunyar ba ta son girgiza, a cinyata zan riƙe ta. Kwanon gwaji ba cikin tunkiya ba ne, Ntate, ba na maka alkawari. Amma zan zo.

'Yarka,
Puseletso

Maseru, 6 ga Oktoba

Ntate,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka.

Saƙonka ya iso. Biyar daga cikin goma sha biyun sun haihu, biyu maza! Na so su fi haka, kuma na san inda zan gyara. Na karanta wurin da ka ce dusar ƙarshe ta sauko suna kwana uku, ka fita da bargo don ka kwaso su, ka tarar suna tsaye suna tsotso. Na karanta wa Mme Malitaba, ta cire tabarau ta ce idonta ne ke mata ƙaiƙayi.

Mazan nan biyu kada a dandaƙe su, kada a sayar, ko wa ya zo. Su riƙa kwana kusa da ɗakinka.

Ka ce makiyaya uku na can ƙetaren kogi sun zo tambaya ko zan karɓi tsofaffin ragunansu. Ka ce musu su kawo. Na riga na wanke tukunya.

'Yarka,
Puseletso