Rigar da Na Ɗinka wa Shugaba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙafar nan taki mai ciwo, yaya yara da babansu? Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Yaya, ki taya mu godiya, Allah ya ba mu waliyyiya a ƙasar mutane. Shugabar Zumuntar Matanmu nake nufi. Carbinta ya fi na kowa tsawo, in ta durƙusa sai an jiyo ƙarar gwiwarta daga ƙofa, kuma ba ta taɓa ganin zunubi ta bar shi ya kwana ba, muddin na wani ne. Kin san ta. Ita ce wadda ta sauka a ɗakina da akwati ɗaya, tana kwana tsakanin yadudduka da keken ɗinkina, har na nemo mata aiki a gidan kula da tsofaffi.

Kin tuna ƙaramar nas ɗin da ke zaune a saman benenmu, wadda na riƙe kamar ’yata? Ta haihu mace, ta ce ni ce uwar baftisma. Har na yanka farin yadi. Sai Fada, limamin cocinmu, ya kira ni ofis. Tsoho ne mai kirki, ba ya jin Hausa, amma an fassara masa ni tsaf: wai ni da Maigida ba mu yi auren coci ba, na gida kawai muka yi. Ya ce da baƙin ciki ba zan iya tsayawa wa jaririyar ba sai an gyara.

Gaskiya ce, ban musa ba. Amma a ɗakin ƙasan cocin nan da ake ara mana bayan masu gari sun tashi, wa ya sani? Lokacin karɓar Jibin Ubangiji, wanda marasa auren coci ba sa karɓa, ni ke kaɗa ganga, ba wanda ya taɓa lura ba na shiga layi. Mutum ɗaya na faɗa wa, Shugaba, tana cin abincina. Ranar Lahadi kuwa ta rungume ni, ta ce don ceton raina ta yi, kuma in nas ta rasa mai tsayawa, ita ba za ta ƙi aikin Allah ba.

Nas ta ce za ta jira ni ko da yarinya za ta zo baftisma da ƙafarta. Ni kuma ban yi faɗa ba. Shekaruna a kasuwa sun koya mini a yi wa mai cuta murmushi har a gama auna shi.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Mai Yadi

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan maganin da na aiko ya karɓe ki, albishirinki: ƙanwarki ta yi aure, da furfura da jika.

Maigida ya so ya ba ni wahala. Ya ce shi da ya wuni yana tuƙa bas ba zai je ajin koyon zaman aure ba, a koya masa matar da ya san minsharinta. Na daina yi masa guga. Ya je.

Ana saura kaɗan a ɗaura, na miƙe bayan sujadar Mas a gaban jama’a, na roƙi Fada ya ba ni Shugaba ta zama babbar ƙawar amarya, tunda ita ta nuna mini hanya. Fada har da hawaye. Mata suka yi guɗa. Ta ina za ta ƙi?

Rigarta ni na ɗinka, kyauta. Akwai wani yadi mai ƙyalli, launin ɗanyen ƙwai, da ya daɗe a ƙasan kantar shagona, ko masu labule sun ƙi shi. Na auna ta da kyau, sannan na rage. Yaya, da kin gan ta! Ta riƙe mini fure, ta gyara mini mayafi, ta share mini gumi, numfashi rabi-rabi. Da aka zo durƙusawa, waliyyiya ta tsaya ƙerere kamar kyandir, don ta san abin da ɗinki zai yi mata. Aka gama, aka kawo jaririya don baftisma, na karɓe ta a hannuna, Shugaba tana bayana riƙe da tawul.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba. Da Maigida zai sa mini zobe, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Shi ya ɗauka duk don shi na yi. Da na karɓi Jibi bayan shekarun nan, ni ma sai da na jiƙa mayafina. Na ji haushi, don ba kuka na zo yi ba.

Hoton bikin yana bangon ɗakin Zumunta, na sa an ƙara masa girma, daidai saman kujerarta.

To ga damuwata. Asabar ake zuwa ikirarin zunubi, kuma raina ya san abin da ya yi. Amma in na durƙusa gaban Fada, me zan ce na aikata? Na yi aure, ko na ba maƙwabciyata riga?

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Amarya Mai Yadi