Asu ya huda dardumar da surukina ya saƙa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, tun shekaranjiya ko abinci ba ya shiga bakina.

Surukina masaƙi ne, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Shafa zare kawai zai yi ya gaya miki ulu ne zalla ko an yi haɗi. Da idonsa ya fara rauni sai ya ce bari ya yi aikinsa na ƙarshe. Shekara biyu ya kwashe a kan darduma ɗaya, ja mai baƙin gefe, yana laluben kowane ƙulli da yatsa. 'Ya'yansa mata huɗu ne, amma ni ya ba, wai na iya riƙon kaya. Ranar har kuka na yi.

To ni da wayona, bayan wata guda a falo na ga yara za su gama da ita da shayi da takalma. Na naɗe ta, ko kaɗewa ban yi ba, na tura ƙarƙashin gado. Fiye da shekara ban waiwaye ta ba. Shekaranjiya ina warwarewa sai 'yan ƙwari suka tashi. Asu ya yi huda uku, ɗaya ta kai tafin hannuna.

Baba zai zo mana ƙarshen wata, na kuma san abin da zai fara tambaya. Maigidana ya ce mu shimfiɗa mu ɗora kujera a wurin, tunda Baba ba ya gani sosai. Zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi da ƙwarin nan, yaya kuma zan yi da Baba?

Surukar masaƙi

Ƙanwata, share hawayenki. Tattali ne ya yi miki yawa, asu kuwa babu abin da yake so kamar duhu da ƙura da kayan da ba a motsawa.

Masu tashin nan ba su ke ci ba, tsutsotsinsu ne. Ki fitar da dardumar yau, ki kaɗe, ki bi ta da burushi ciki da baya har gefuna. Ki ɗaure ta a baƙar leda ta yi yini biyu a rana mai zafi, ko ta yi sati a firiza in za ta shiga. Ki janye gado ki wanke wurin da ruwan zafi da sabulu, ki duba barguna da rigunan sanyi. Bayan sati biyu ki maimaita, saboda ƙwai.

Maigidanki tausayin mahaifinsa yake ji, ban ga laifinsa ba. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masaƙi da hannu yake duba aikinsa. Kin burge ni da zuciyarki ta ƙi. Irin wannan Baba ya hango a wurinki, bai kuwa yi zaɓen tumun dare ba.

Ki gaya masa da bakinki tun kafin ya tambaya. In ya yi faɗa ki sunkuyar da kai, haƙƙinsa ne. Sannan ki kawo zare ki roƙe shi ya koya miki cike hudar, shi da sani, ke da ido. Wanda ya ɗauka ya yi sallama da sana'arsa zai ji daɗi a ce har yanzu sai da shi. In ta gyaru, a shimfiɗa ta jikokinsa su taka.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.