Kada a Cire Baba Dogara

Ibadan, 28 ga Nuwamba, 1976

Ƙanwata Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama, yaya yara da mutanen Kafanchan? Ni lafiya lau, kwas ɗin malanta yana tafiya daidai. An haɗa ni ɗaki da 'yan mata masu rediyo, barci ya yi wuya, amma kada Mama ta ji. In kin sami mai zuwa a jirgin ƙasa, aiko mini da acca.

Na gode da kika riƙe mini wasan Kirsimati na majami'a. Amma raina ya ɓaci da na ji dattawa za su hana Baba Dogara fitowa a Sarki Hirudus, wai yana manta magana. Su da ko sanarwa suka karanta sai sun yi tuntuɓe. Tun rasuwar matarsa, me ke fitar da tsohon nan daga gida in ba gwajin wasan ba?

Ki sa Kambai tela ya zama bafade, ya durƙusa gefen kujera. In Baba ya kakare, Kambai ya kai kunne kamar ana masa raɗa, ya miƙe ya ce, "Sarki ya ce," ya ƙarasa maganar. Wane sarki ne a ƙasarmu yake ɗaga murya da kansa?

Kada Baba ya san dalili. Ki ce masa ni na rubuto cewa sarautarsa ta yi girman da ba ta zama babu bafade.

Allah ya tsare ku.

Yayarki,
Paulina