Gorar da Na Ɗauko daga Doguwa

Kiru, daren Talata, 14 ga Yuni, 1955

Duk jikina ciwo yake yi, amma na dasa ta.

Gora iri biyu na tarar a Doguwa: siririya mai zama wuri ɗaya, da ƙatuwa wadda saiwarta ke tafiya ta ƙarƙashin ƙasa tana tsiro a gaba. Ƙatuwar na ɗoro wa jaki, don ta riƙe bakin kwazazzabon da ke cin gonarmu.

Ina cikin haƙa Baffa Sule ya tsaya a kaina.

"Kai Habu, wannan ta gindin dutse ce, bazarar Kiru soya ta za ta yi. In kuma ta rayu, ta tsallaka gonar maƙwabta a kai mu gaban dagaci."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Amma ban ajiye dagi ba. Na binne tsagaggen tulu a gindin kowane dashe, in rani ya yi in riƙa cika su, ko da a ka zan ɗauko ruwan.

Na ji nauyin furfurarsa, har yanzu abin yana raina. To amma shekara nawa kwazazzabon nan yana tafiya, har ya kusa kukar da marigayi Baba ke hutawa a gindinta? Shi wa ya kai shi gaban dagaci?