Wasan Lissafin Mama

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na jami'a. Na rubuto ne don kin san kunnena da waya ba sa shiri.

Tsohuwar kwamfutar mahaifiyarki ta mutu. Mai gyara ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a sabuwa. Hotuna sun fito, amma wasan lissafin da ta rubuta mini, wanda nake yi kowace safiya tun tana da rai, ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce sai an saka Python. Na tambaye shi ko shi ya cire, ya ce a'a. Ban gamsu da shaidarsa ba.

Ki faɗa mini yadda ake yi, daki-daki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mai gyara ba shi da laifi, a sallame shi. Python shi ne harshen da Mama ta rubuta wasan da shi, sabuwar kwamfutar kuwa ba ta iya shi ba tukuna.

Ka shiga shafin masu Python a intanet, ka sauke sabon samfurinsa, ka buɗe shi. A ƙasan allon farko akwai ɗan akwati da aka rubuta PATH a gefensa. Ka sa masa alama. Da ita kwamfutar ke sanin inda aka ajiye harshen. Akwatin nan shi ke kayar da ɗalibaina masu neman digiri na biyu, shi ya sa na ja masa layi.

Na san a rajistar kotu ka tsufa, amma ba sai ka karanta sharuɗɗan duka ba. Su kansu waɗanda suka rubuta su, ina shakkar sun karanta.

Ka huta lafiya.

'Yarka

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta sharuɗɗan, ba su da aibu. Akwatin kuwa da farko ban taɓa shi ba, domin ban saba sa hannu a abin da ban gane ba. Sai baƙin allon nan da ake buga umarni ya ce bai san wani Python ba, alhali a gabansa na saka shi. Na cire, na sake, na sa alamar bisa tilas.

Yanzu ya san shi. Amma da na kira wasan, ya tsaya tun a layin farko, wai akwai kuskure. Mahaifiyarki ta koyar da lissafi har ta yi ritaya, ban taɓa kama ta da kuskure ba, kuma na nema. Ga hoton allon.

Mahaifinki

Baba,

Barka da ƙoƙari. Ka yi a mako guda abin da wasu ke kai ƙarata wurin shugaban sashe a kansa.

Mama ba ta yi kuskure ba. Da tsohon samfuri ta rubuta, wanda aka daina kula da shi, sabon kuma ba ya jin maganarsa sosai, kamar jika da kakarsa. Ka turo mini fayil ɗin. 'Yan layuka ne zan sauya, kafin shayinka ya huce na gama.

Ina gaida Goggo.

'Yarka

Uwata,

Na gode, amma a'a. A inda na yi aiki, in mai shaida ya rasu, ko ɗigo ba a ƙara wa maganarsa. In kika gyara, ke ce za ki riƙa yi mini tambaya da safe, ke kuwa ina da ke, alhamdulillahi. Ki nemo wata hanya. In babu, a bar shi a rufe.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi jinkirin amsa saboda na ɗan yi fushi, daga baya kuma na rasa da wa nake yi.

Akwai hanya. Tsohon samfurin yana nan a rumbun shafinsu, can ƙasa inda ba mai zuwa. Ka sauke shi, ka saka shi a kundi daban, kusa da fayil ɗin Mama. Wannan karon kada ka taɓa zancen PATH, don kada su biyun su yi rigimar wa za a kira. Na rubuta maka a bayan takardar nan layin da za ka buga a baƙin allo, harafi da harafi. Kada ka yi wani aiki da shi sai wasan kaɗai.

Farkon kowane zango nakan gargaɗi ɗalibai kada in ga tsohon samfurin nan a kwamfutar kowa. Don Allah ka ɓoye wasiƙar nan.

Ban buɗe komai na Mama ba tun rasuwarta. In ya tashi, ka faɗa mini abin da ke ciki.

'Yarka

Uwata,

Ya tashi. In na amsa daidai, cewa take "To." kawai. Jiya hannuna ya zame na buga ba daidai ba, karo na farko tun da ta rubuta shi, sai ga layi uku na tsiya, har da zancen furfurata da kuɗin makarantar da iyayena suka yi asara.

Tun daga nan ban sake amsa daidai ba. Ki zo hutu ki gwada, kila akwai naki a ciki.

Mahaifinki