Naɗi Biyar ko Bakwai

Ƙanena Malam Idi,

Assalamu alaikum. Ya jikin, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Dutse sai godiya.

Tun shekarar da aka ba mu jiha ƙullin ƙugiyata bai kwance ba sai jiya a dam. Tarwaɗa kamar cinyata ta tafi da ƙugiyar. Masunta suka ce in ƙara tsawon zaren tsakanin dalma da ƙugiya. Na ƙi, tsawon kamu ɗaya Baba ya koya mana. Naɗin ƙullin ne ya hana ni sakat: biyar yake yi ko bakwai? Kai kaɗai ka rage wanda ya ga hannunsa, ka aiko mini amsa.

Gai da Hajiya, a sa mu a addu'a. Gobe da sassafe zan koma dam in gwada bakwai.