Ni Na Sa Hannu a Takardar Korar Mijin Ƙanwata

Goggo Asabe,

Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin, domin idan na bi abin da zuciyata ke raya mini, ko dai wani ya tafi gidan yari ko kuma a yi jana'iza. Ina rubuta miki wannan wasiƙa, hannuna na hagu yana rataye a wuya cikin filasta, haƙorana biyu na gaba babu su.

Ni jami'in kula da ma'aikata ne a wani kamfanin sufuri na gwamnati a nan Kaduna. Bara aka tura mu kwas na mako biyu a Legas kan shirin nan na ta da komaɗar tattalin arziki da ake kira SAP. Aka ce mana gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce, ta sayar da kamfanoninta, ta janye tallafi, ta rage ma'aikata, kasuwa za ta daidaita komai da kanta. Wallahi, Goggo, na yarda ɗari bisa ɗari. A layinmu na Unguwar Dosa ciyayya muke yi, bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa mu haɗu a tabarma ɗaya a ƙofar gidana. To a nan na buɗe makaranta. Duk wanda ya yi kukan tsadar gero ko sabulu sai in ce ya daure, wahalar ta ɗan lokaci ce. Har suna suka laƙaba mini, wai Malam Sap.

Cikin masu zaman tabarmar akwai Datti, mijin ƙanwata Kaltume. Direba ne a kamfaninmu, ni na yi masa hanyar aikin, shekara goma sha bakwai bai taɓa ko bugun akuya ba. 'Ya'yansu shida.

Da aka tashi sayar da kamfanin, masu saye suka ce sai an sallami mutum ɗari da arba'in. Jerin sunayen ya biyo ta teburina, na ga sunan Datti da idona. Amma an buga hatimin sirri a kan fayil ɗin, mu kuwa rantsuwa muka yi ba za mu fitar da sirrin ofis ba. Mako uku cur muna sa hannu a kwano ɗaya, yana turo mini nama yana ce mini Yaya, ban ce masa uffan ba. A cikin makonnin nan wani ɗan kasuwa ya yi masa tayin tuƙa tirelarsa. Datti ya nemi shawarata a gaban kowa, na sunkuyar da kai na ce ya yi abin da ya ga ya fi masa. Ya ce shi ba zai bar aikin gwamnati mai fansho ba. Aka ba wani tirelar.

Ranar Alhamis aka raba takardun sallamar. Ƙa'idar ofis ce ni ke sa hannu a madadin Babban Manaja, don haka sunana ne ƙuru-ƙuru a ƙasan tasa. Da magariba mun buɗe kwanoni ke nan sai ga shi, babu kwano babu sallama, da sifanar kwance taya a hannu. Bugun farko a baki ya same ni, na ji haƙorana a kan harshena. Na ɗaga hannu in kare kaina, na biyu ya sauka a kan hannun, na ji ƙas! Jinina ya cika kwanon miya. Maƙwabta suka yi masa rubdugu, wani da kujera wani da icen girki, sai da ya daina motsi.

Ga abin da ban faɗa wa 'yan sanda ba. Yana kwance a sume na miƙe, na ɗora dunduniyar takalmina a kan hannunsa na dama, na danna da dukan ƙarfina har sau uku. Na ji yatsun suna karyewa. Kuma Goggo, na ji daɗi. Kowa ya gani, amma da yake ni ne mai muƙami, maganata kawai aka rubuta.

Yanzu yana tsare, Litinin za a shiga kotu. An ce in na tsaya kan ƙarata zai sha shekaru. Kaltume ta zo ta durƙusa tana kuka, na kore ta kamar ban san ta ba. Idan kuma aka sake shi, ga adda nan na wasa na ajiye a bayan ƙofa, duk sanda harshena ya taɓa giɓin nan sai in kalle ta. Ni me na yi? Ni na ƙirƙiro SAP? Ni na zaɓi sunansa? Aikina na yi. In janye ko in bar shari'a ta yi halinta?

Mai Karyayyen Hannu, Unguwar Dosa

*

Ɗana Mai Karyayyen Hannu,

Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin ka karanta layi na gaba, tashi ka ɗauki addar nan ka kai wa limamin unguwarku ya ajiye. Ina jiranka.

Abin da Datti ya yi ta'asa ce, ba zan shafa masa mai ba. Da ƙarfen nan ya matsa sama kaɗan, da yanzu ta'aziyyarka ake karɓa. Kora daga aiki ba ta halatta jinin kowa. Amma kai ma ka taka hannun mutumin da ke sume, kuma hannun da yake ci da 'ya'yan ƙanwarka da shi. Wannan ba kare kai ba ne, ramuwa ce, ka riga ka ɗauki taka tun a ƙofar gida.

Ka ce ba kai ka ƙirƙiro SAP ba. Gaskiya ne. Abin da aka ɗura muku a kwas sabon salon jari-hujja ne, ma'anarsa a taƙaice gwamnati ta ja gefe, a sakar wa kasuwa mara, kowa ya ji da kansa. Masu shi ba mahaukata ba ne, suna da hujja: kamfanonin gwamnati da yawa an mayar da su saniyar tatsa, ana biyan ma'aikatan bogi albashi, motoci suna ruɓewa a gareji. Duk mun sani. Tambayata ita ce, wa ya yi ɓarnar, wa kuma aka sa ya biya? Direban da bai taɓa bugun akuya ba shi ya kashe kamfani? Ni ban je kwas ba amma ina zuwa kasuwa. An karya darajar Naira, albashi bai motsa ba, asibiti sai ka je da allurarka, makaranta an ƙara kuɗi. An ce wahalar ta ɗan lokaci ce, shekara uku ke nan ba a faɗa mana ranar ƙarewarta ba. Tsarin da ya ce kowa ya ji da kansa bai yi tanadin komai wa mutum mai 'ya'ya shida da aka sallama ranar Alhamis ba, dangi ya bar wa wannan nauyin. Kai ne dangin, kuma a nan ka gaza.

Rantsuwarka ta hana ka nuna masa fayil, na yarda. Ba ta hana ka ce masa, Datti, karɓi tirelar nan ba. Ina jin tsoro ne ya kama ka, da kuma kunyar a ce Malam Sap ya yi amai ya lashe. Ba sa hannunka ne ya haukata shi ba, shirunka ne.

Shawarata, ka janye. Ka ɗauki liman da mai unguwa ku je wurin ɗan sanda mai gabatar da ƙara tun kafin Litinin, ka ce sulhu kake so, ka kuma faɗi abin da ka yi wa hannun da bakinka. A kai shi likitan ƙashi ya duba yatsun kafin su haɗe a karkace. Shi ma dole ya ba ka haƙuri a gaban dattawa, ya ɗauki alkawari a rubuce, kuma ba sai kun koma zama tabarma ɗaya yanzu ba. Zuciya ba ta sauka a rana guda.

Amma kafin duk wannan, ka taka da ƙafarka zuwa wurin Kaltume. Ita ba ta ɗaga sifana ba, ba ta taka hannun kowa ba, ga shi a maraice ɗaya ta rasa albashi, ta rasa miji, sannan ta zo wurin yayanta ya kore ta. Idan alƙali ya yanke hukunci ranar Litinin, ba a janye shi da nadama ranar Talata.

Allah Ya ɗora maka ƙashinka, Ya ɗora nasa, Ya sanyaya zukatanku.

Taku,
Goggo Asabe